Me Ke Cikin Furoton? Shekara 70 Ana Jifansa da Elektiron

Buhun masara mai kilo 100, irin wanda ake lodawa a mota a kasuwar Dandume ko ta Funtua, kusan duk nauyinsa daga ƙwayoyi iri biyu ya fito: furoton da niyutiron, waɗanda ke cunkushe a cibiyar kowace ƙwayar zarra. Elektiron da ke kewaya cibiyar, duk yawansu, ba su kai giram 50 a cikin buhun ba. Wannan ko ɗalibin sakandare ya sani. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, furoton ɗin ma yana da kayan ciki, wasu ƙananan ƙwayoyi uku da ake kira kwak, kuma idan aka tara nauyin ukun nan, bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin furoton ba. Wato a buhun nan, kilo ɗaya da 'yan kai kawai za a iya jingina wa kwak ɗin. Sauran kilo 98 da ɗoriya fa, daga ina suka fito? Kuma tun farko, yaya aka yi ɗan Adam ya san abin da ke cikin abin da babu madubin likita da zai iya nuna shi?

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci a wurina, domin amsar ta farko daga gare ta take fitowa.

Faɗin furoton bai kai femtomita biyu ba. Femtomita ɗaya kuwa shi ne a raba mita gida miliyan, a sake raba kowane gida sau biliyan. Hasken da ido ke gani ya yi masa kauri nesa ba kusa ba. Don haka dabara ɗaya ce ta rage, wadda duk mai sayen hatsi ya san irinta: dillali ba ya kwance buhu ya zazzage, ƙarfe mai tsini yake sokawa, daga yadda ƙarfen ya shiga da abin da ya fito da shi ya gane ko masara ce zalla ko an cusa tsakuwa. Masana fiziks ma sokawa suke yi. Suna harba ƙwaya mai gudu a kan abin da suke so su sani, su tsaya da na'urar awo a gefe, su ƙirga nawa ne suka wuce sumul, nawa suka karkace, ta wace kusurwa, kuma da wane ƙarfi suka fito.

Da wannan dabara Hans Geiger da Ernest Marsden, a ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka jefi siririn fallen zinariya da ƙwayoyin alfa a Manchesta ta ƙasar Ingila a 1909. Mafi yawa suka wuce, 'yan kaɗan suka dawo da baya. A 1911 Rutherford ya fassara abin: zarra kusan fanko ce, nauyinta yana dunƙule a wata 'yar cibiya. Daga baya ya gano furoton, James Chadwick kuma ya gano niyutiron a 1932. A lokacin an ɗauka an kai ƙarshen rabo, furoton ɗigo ne wanda ba shi da ciki balle waje.

Alamar farko cewa ba haka ba ne ta zo a 1933, lokacin da Otto Stern ya auna ƙarfin maganaɗisun furoton a Hamburg ta Jamus. Da furoton ɗigo ne kamar elektiron, akwai adadin da lissafi ya ce dole a samu. Sai aka sami abin da ya kusan ninka shi uku. Awon yau ya tsaya a 2.79. Niyutiron ma, wanda ba shi da caji ko kaɗan, aka tarar yana da maganaɗisu. Abin da ba shi da caji amma yana da maganaɗisu, lallai akwai caji da ke motsi a cikinsa.

Me ya sa elektiron ne ya zama makamin da aka fi dogaro da shi wajen leƙa wannan ciki? Dalili biyu ne. Na farko, har yau ba a ga alamar elektiron yana da kayan ciki ba, don haka duk wani abin mamaki da ya fito daga karon, daga furoton ya fito. Idan ka haɗa furoton da furoton karo, tarkacen biyu ne za su cakuɗe, ka rasa na wane ne. Na biyu, elektiron yana taɓa furoton ne ta hanyar ƙarfin lantarki da maganaɗisu, wanda shi ne ƙarfin da aka fi sanin lissafinsa a duk fiziks. Yana miƙa wa furoton ɗan dunƙulen haske guda, ya karkace, ya tafi. Gwargwadon ƙarfin da aka harbo shi da shi, gwargwadon ƙanƙantar abin da zai iya tantancewa. Ana auna wannan ƙarfi da MeV, wato ƙarfin da elektiron ke samu idan bolt miliyan ɗaya ya ingiza shi. MeV dubu kuma shi ne GeV ɗaya.

Robert Hofstadter na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya fara cin gajiyar wannan. A tsakiyar shekarun 1950 ya harba elektiron masu ƙarfin MeV 188 a kan iskar haidirojin, wadda cibiyarta furoton guda ce. Waɗanda suka karkace da babbar kusurwa ba su kai yawan da ake jira daga ɗigo ba. Ma'anarsa cajin furoton a baje yake, yana da girma, kusan femtomita 0.8 daga tsakiya zuwa gefe. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1961. Sai dai hoton da ya fitar na wani abu ne mai laushi, wanda cajinsa ke raguwa a hankali zuwa gefe. Bai ga kwak ba. Ƙarfin injinsa bai kai ba.

A nan dole a ajiye labarin elektiron a ɗauko wani, domin su biyun za su haɗu a gaba.

A ƙarshen 1947, George Rochester da Clifford Butler, su ma a Manchesta, suka buga hotuna biyu da suka ɗauka a akwatin tururi mai nuna sawun ƙwayoyin da ke sauko mana daga sararin samaniya. A kowane hoto akwai sawu mai rassa biyu, alamar wata ƙwaya mai nauyi da ba a sani ba ta fashe. Aka kai akwatin kan dutsen Pic du Midi a Faransa, aka ƙara samun irinsu da yawa. Waɗannan su ne ƙwayoyin da yau ake kira kayon da lamda. Abin da ya ɗaure wa masana kai game da su shi ne tsawon ransu. Ana samar da su cikin sauƙi, alamar ƙarfi mai ɗauri ne ke haifar da su, wato ƙarfin da ke riƙe cibiyar zarra. Duk abin da wannan ƙarfi ya haifar kuwa, ya kamata ya tarwatse nan take, cikin lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa furoton. Amma lamda yana rayuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nanodaƙiƙa, wato daƙiƙar da aka raba gida biliyan. A idonmu wannan ba komai ba ne, amma ya ninka abin da ake jira sau kusan tiriliyan goma. Yana isarsa ya yi tafiyar santimita da dama kafin ya fashe, shi ya sa ake ganin tazara a hoto.

Abraham Pais ya kawo rabin amsar a 1952: ƙwayoyin nan ba a haifar su ɗaya-ɗaya, sai bibbiyu. A 1953 Murray Gell-Mann a Amurka, da Tadao Nakano da Kazuhiko Nishijima a Japan, suka cike sauran. Suka ce akwai wata sifa da waɗannan ƙwayoyi ke ɗauke da ita, aka sa mata suna baƙunta. Ƙarfi mai ɗauri ba ya ƙara ta, ba ya rage ta. Don haka idan ya haifi ƙwaya mai baƙunta, dole ya haifi abokiyarta mai kishiyar baƙuntar, jimilla ta koma sifili. Da zarar sun rabu, kowace ta maƙale da tata, ba ta da hanyar fashewa sai ta ƙarfi mai rauni, wanda ke iya goge baƙunta amma a sannu yake aiki. Injin Cosmotron na cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka ya tabbatar da wannan haihuwa ta bibbiyu a cikin shekarar. Ina ganin wannan yana cikin tunani mafi kyau da aka yi a ƙarnin da ya wuce: an ga abu ya daɗe fiye da kima, aka ce lallai akwai dokar da ke hana shi mutuwa, aka nemo dokar, ta kuma yi hasashen abin da aka je aka tarar.

A 1964 Gell-Mann, da George Zweig a nasa ɓangaren, suka ce duk wannan tarin ƙwayoyi za a iya gina su daga tubali iri uku: kwak na sama mai caji kashi biyu cikin uku, kwak na ƙasa mai kishiyar caji kashi ɗaya cikin uku, da baƙon kwak, wanda cajinsa daidai yake da na ƙasa amma ya fi shi nauyi kusan sau ashirin. Furoton na sama biyu ne da na ƙasa ɗaya. Lamda na sama ɗaya, na ƙasa ɗaya, baƙo ɗaya. A shekarar ne kuma aka ga ƙwayar omega a Brookhaven, mai baƙon kwak uku, da nauyin da Gell-Mann ya riga ya hasasa. Duk da haka, mafi yawan masana sun ɗauki kwak a matsayin dabarar lissafi kawai. Ba wanda ya taɓa ganin caji ɓari-ɓari, an nemi kwak shi kaɗai ko'ina ba a samu ba.

Elektiron ne ya raba gardama. A 1966 aka kammala injin SLAC a Kalifoniya, miƙaƙƙen bututu mai tsawon kilomita 3.2 wanda ke kai elektiron har GeV 20, wato fiye da ninki ɗari na abin da Hofstadter ya fara da shi. Daga 1967 wata tawaga ƙarƙashin Jerome Friedman da Henry Kendall na jami'ar MIT da Richard Taylor na SLAC ta fara harbi a kan ruwan haidirojin. Wannan karon ba su tsaya ga karon da furoton ke fita lafiya ba. Suka ƙirga wanda furoton ke tarwatsewa, ba tare da damuwa da tarkacen ba; elektiron da ya fito kawai suke aunawa, kusurwarsa da ƙarfin da ya rasa. Da furoton abu ne mai laushi har ciki, da yawan masu karkacewa sosai ya faɗi warwas yayin da aka ƙara ƙarfi. Bai faɗi ba. Elektiron suka riƙa dawowa kamar sun ci karo da wasu ƙananan abubuwa masu tauri. Wolfgang Panofsky, shugaban SLAC, ya sanar da sakamakon farko a taron Biyana a 1968.

James Bjorken ya riga ya yi hasashen cewa a irin wannan karo, sakamakon zai dogara ne kan rabo guda ɗaya tsakanin adadi biyu da ake aunawa, maimakon kowanne daban. Aka zana bayanan yadda ya ce, suka hau layi ɗaya. Richard Feynman ya ba abin fassara mai sauƙi: elektiron ɗin ɗaya daga cikin mazauna furoton yake bugewa, kuma rabon nan na Bjorken shi ne kason gudun furoton da wanda aka buga yake ɗauke da shi. Ƙarin awo ya nuna mazaunan suna da irin juyi, wato jujjuyawa kamar katantanwa, da kwak ya kamata ya kasance da shi, gwajin da aka yi da ƙwayar niyutirino a cibiyar bincike ta CERN a farkon shekarun 1970 kuma ya nuna cajinsu ɓari-ɓari ne kamar yadda aka faɗa. Friedman da Kendall da Taylor sun karɓi Nobel a 1990.

Sai dai awon ya zo da wani giɓi. Da aka tara gudun da duk masu caji ke ɗauke da shi, rabin na furoton kawai aka samu. Ɗaya rabin yana hannun wani abu da elektiron ba ya gani, domin ba shi da caji. Wannan shi ne guluwon, manzon ƙarfi mai ɗauri, wanda aka ga sawunsa ƙarara a cibiyar DESY ta Hamburg a 1979. Ƙa'idar da David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka warware a 1973 ta bayyana abin da ya sa kwak ke yi kamar 'yantattu idan aka buge su da ƙarfi a kusa, amma ba a iya zaro ɗaya waje: ɗaurin yana sassautawa idan suna kusa, yana tsananta idan an ja. In ka ja da ƙarfi, kuzarin da ka zuba sai ya rikiɗe ya zama sabon kwak da kishiyarsa, ka ƙare da ƙwayoyi biyu a hannu maimakon kwak guda. A nan ne amsar nauyin take. Mafi yawan nauyin furoton kuzari ne, na gudun kwak da na guluwon da ke ɗaure da su, bisa dokar Einstein da ta ce kuzari da nauyi abu ɗaya ne. Injin HERA na Hamburg, wanda ya yi aiki daga 1992 zuwa 2007 yana haɗa elektiron mai GeV 27.5 da furoton mai GeV 920 karo, ya nuna cewa duk sanda aka ƙara zurfafa dubawa, yawan guluwon sai ƙaruwa yake yi.

Yanzu labaran biyu sun haɗu. Guluwon yana iya rabewa na ɗan lokaci ya zama kwak da kishiyarsa, su sake haɗewa su ɓace. Wannan hada-hada ba ta tsayawa, masana suna ce mata tekun kwak. Ba abin da ya hana wasu daga cikin ma'auratan nan su zama baƙi. Furoton ba shi da baƙunta a jimilla, tunda kowane baƙo da kishiyarsa yake tafe, amma tambaya ta taso: shin suna da hannu a cajinsa, da maganaɗisunsa, da juyinsa?

Abin da ya hura wutar tambayar shi ne sakamakon tawagar EMC a CERN a 1988. Da miyuwon suka yi harbin, wato yayan elektiron mai nauyi. An ɗauka juyin furoton daga juyin kwak ɗinsa uku ya taru. Suka sami kusan kashi 14 cikin ɗari kacal, da kuskuren awo babba har ta yiwu sifili ne. Fassarar da ta fi saurin zuwa ita ce, baƙin kwak na cikin teku suna juyawa ta kishiyar hanya, suna cinye na sauran. In haka ne, to ya kamata a ga tasirinsu a maganaɗisun furoton ma.

Yadda aka gwada wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Ƙarfin lantarki shi kaɗai ba zai bambance baƙon kwak da na ƙasa ba, tunda cajinsu ɗaya. Amma elektiron yana da hanya ta biyu ta taɓa furoton, ta ƙarfi mai rauni, kuma wannan ƙarfi yana auna kowane kwak da wani ma'auni daban. Sannan yana da wata ɗabi'a da ba wani ƙarfi da ke da ita: yana bambanta dama da hagu. Idan aka harba elektiron masu juyin dama, aka sake harba masu juyin hagu, yawan masu karkacewa zai ɗan bambanta. Charles Prescott da abokansa ne suka fara ganin wannan a SLAC a 1978. Bambancin a gwaje-gwajen baƙunta 'yan kaɗan ne cikin miliyan. Dole a riƙa sauya juyin sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya, a tabbatar ba abin da ya motsa a cikin injin sai juyin kawai, a yi watanni ana tara ƙirga. Tawaga huɗu suka ɗauki aikin daga ƙarshen shekarun 1990: SAMPLE a MIT-Bates, A4 a Mainz ta Jamus, HAPPEX da G0 a Jefferson Lab da ke Newport News a jihar Bajiniya. Bayan fiye da shekara goma, hukuncin ya fito: rabon baƙon kwak a caji da maganaɗisun furoton ƙarami ne, bai wuce 'yan kaɗan cikin ɗari ba, kuma awon bai iya raba shi da sifili ba. Lissafin manyan kwamfutoci daga baya ya nuna ƙaramin adadi shi ma.

Akwai masu ganin an yi asarar shekaru, tunda ba a sami abin da aka je nema ba. Ban yarda da su ba. Kafin gwajin, hasashen masana ya warwatsu, wasu sun ce babba ne, wasu ƙarami, wasu ma ba su yarda a kan alamar ƙari ko ragi ba. Awon ya zubar da mafi yawansu, ya kuma tilasta a nemi juyin furoton a wani wuri. Yau an tsaya a kan cewa kwak na ɗauke da kusan kashi 30 cikin ɗari, guluwon yana da nasa kaso mai tsoka, sauran kuma ana zaton yana cikin kewayawar da mazaunan ke yi. Yawan baƙin kwak ɗin ma bai gama daidaituwa ba: tsofaffin gwaje-gwajen niyutirino sun nuna kusan rabin sauran kwak na teku ne, tawagar ATLAS a CERN kuma ta sami alamar sun kusan kai su yawa.

Ɗaya fuskar aikin ita ce a fito da baƙuntar fili. Idan elektiron ya zuba wa furoton isasshen kuzari, ma'auratan baƙi na iya samuwa su dawwama. Kishiyar baƙon ya ɗauki kwak na sama guda su zama kayon mai caji. Baƙon ya zauna da na sama da na ƙasa da suka rage su zama lamda. Lissafin a bayyane yake: nauyin furoton MeV 938, na lamda 1,116, na kayon 494. Jimillar biyun 1,610, don haka sai an ƙara aƙalla MeV 670 da ɗoriya kafin ƙofar ta buɗe. Injin CEBAF na Jefferson Lab, wanda ya fara gwaji a 1995 da GeV 4, ya kai 6, aka kuma kammala ɗaga shi zuwa 12 a 2017, shi ne ya fi tara bayanai a kan wannan karo, musamman da na'urar CLAS mai kama ƙwayoyi ta kusan kowace kusurwa.

Me ake nema a ciki? Furoton idan ya sha kuzari yana iya hawa wasu matakai na wucin gadi kafin ya fashe, kuma jerin matakan yana bayyana yadda aka ɗaure kayan cikinsa. Lissafin kwak uku ya yi hasashen matakai da yawa fiye da waɗanda aka gani. Wasu suka ce watakila ba a gan su ba ne don an daɗe ana leƙe ta taga ɗaya, ta ƙwayar fayon, alhali wasu matakan sun fi son fashewa zuwa kayon da lamda. A nan lamda yana da wata baiwa: kusan kashi 64 cikin ɗari na lokuta yana fashewa zuwa furoton da fayon, kuma inda furoton ɗin ya nufa yana tona inda juyin lamda ya fuskanta. Wato shi da kansa yake ba da rahoton juyinsa, ba sai an gina wata na'ura ba. Da irin waɗannan bayanai aka tabbatar da wasu matakan da ake shakkarsu, ciki har da wanda ke kusa da MeV 1,900. Wasu har yanzu ana neman su.

Akwai kuma amfani na biyu da ya kai har taurari. Idan furoton da aka buga yana cikin cibiyar wata zarra, lamda ɗin na iya maƙalewa a ciki. Marian Danysz da Jerzy Pniewski ne suka fara ganin irin wannan cibiya a Warsaw ta Folan a 1952. Auna ƙarfin kayon da ya fita da na elektiron yana ba da ƙarfin da cibiyar ta riƙe lamda da shi. Ana buƙatar wannan adadi don warware wata matsala: a tsakiyar taurarin niyutiron, matsi ya kamata ya sa wasu niyutiron su rikiɗe su zama lamda, wanda zai sa tauraron ya yi laushi ya kasa ɗaukar nauyi mai yawa. Amma a 2010 da 2013 an auna taurari biyu masu nauyin rana kusan biyu. Ko dai lamda yana ture maƙwabtansa idan cunkoso ya yi yawa, ko akwai abin da ba a fahimta ba.

Hatta girman da Hofstadter ya fara aunawa ya sake tayar da ƙura. An daɗe a kan femtomita 0.88, sai gwajin miyuwon a cibiyar PSI ta Suwizalan ya ba da 0.84 a 2010. A 2019 gwajin elektiron na PRad a Jefferson Lab ya sami 0.83, ƙaramin adadin ya yi rinjaye.

Mai karatu a Malumfashi ko Bakori yana da haƙƙin ya tambaya, mu da ke fama da tsadar taki da matsalar tsaro a gonaki, ina ruwanmu da baƙon kwak? Ba zan yi masa alkawarin cewa lamda zai ƙara yabanya ba. Ba don haka ake binciken ba. Amma injin da aka ƙera don wannan tambaya ya riga ya iso mu ta wata ƙofa. Daga irin miƙaƙƙen injin elektiron na Stanford ne Edward Ginzton da likita Henry Kaplan suka fitar da na'urar ƙona ciwon daji da suka fara amfani da ita a 1956, irin wadda Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ke aiki da ita yau. Duk irin wannan na'ura tana buƙatar masanin fiziks da zai auna ta, kuma ba mu da su da yawa.

Ba mu kuma fara daga sifili ba. A Zariya, maƙwabciyar Funtua, Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004, mai ƙarfin kilowat kusan 30, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mara tsanani a 2018. Ana jifan samfurin ƙasa da ma'adinai da niyutiron a cikinta don a gane sinadaran da suka ƙunsa. A Ile-Ife akwai ƙaramin injin hanzarta ƙwayoyi mai bolt miliyan 1.7. Waɗannan ba za su leƙa cikin furoton ba, tazarar ƙarfin ta ninka dubbai. Amma ƙirga ƙwayoyi, da gyara na'urar awo, da lissafin kuskure, sana'a ɗaya ce nan da can.

Ba kuma sai ƙasa ta mallaki injin ba kafin 'ya'yanta su shiga aikin. Latifa Elouadrhiri, 'yar Maroko, tana cikin mutum ukun da suka ƙiyasta matsin da ke tsakiyar furoton daga bayanan CLAS a 2018, suka ce ya zarce na tsakiyar tauraron niyutiron. Paul Guèye, ɗan Senegal da ya fara karatu a Dakar, ya yi shekaru yana gwajin elektiron a Jefferson Lab. Kétévi Assamagan, ɗan Togo da ke Brookhaven, yana cikin waɗanda suka kafa Makarantar Fiziks ta Afirka, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012, ta je Dakar a 2014, tana karɓar ɗalibai daga ko'ina a nahiyar. A watan Janairun 2020 Amurka ta zaɓi Brookhaven don gina sabon injin da zai haɗa elektiron da furoton da cibiyoyin zarra karo, duka da juyin da aka saita, domin a bi sawun guluwon da tekun kwak. Ana sa ran ya fara aiki a shekarun 2030, wato waɗanda za su tantance bayanansa yanzu suna sakandare ko farkon jami'a.

Don haka kirana ga sassan fiziks na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma da ta Ahmadu Bello: ku koya wa ɗalibanku rubuta manhajar tantance bayanai tun aji biyu, ku sa su aiki da bayanan da CERN ta saki kyauta a intanet, ku tura masu hazaƙa Makarantar Fiziks ta Afirka, ku kuma nemi shiga ƙungiyar masu amfani da sabon injin tun ana gina shi. Malaman sakandare na Funtua da Malumfashi kuwa, idan kun zo darasin zarra, ku ba Rutherford da SLAC ko da minti goma, yaro ya ji yadda aka yi aka sani.